SHAIDAR RIJIYA: YADDA AKE BIN DIDDIGIN RUWAN ƘARƘASHIN ƘASA A WURIN DA AKE ZATON YA GURƁATA



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne yadda ake gane ko ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya gurɓata, musamman a wuraren da ake da dalilin yin zato, kamar bayan masana'anta, ko gefen juji, ko kusa da gidan mai, ko inda bututun mai ya taɓa fashewa. Da jin wannan mutum zai ce ai abu ne mai sauƙi: a zura guga, a cika kwalba, a kai wa masu gwaji su faɗi abin da suka gani. Lalle haka ake yi a wurare da yawa, haka nan kuma ake samun takardar sakamako mai hatimi da sa hannu wadda ba ta da amfani, wani lokaci ma tana da illa, domin takan kwantar da hankalin mutanen da ya kamata hankalinsu ya tashi. Abin da nake so in nuna shi ne ruwan da ke cikin kwalbar nan shaida ne. Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da maganar shaida sai ya san ko wane ne shi, da inda yake tsaye sa'ad da abin ya faru, da ko wani ya gana da shi a kan hanyarsa ta zuwa kotu, haka nan bai kamata jami'in gwamnati ya yanke shawara bisa sakamakon gwaji ba sai ya san inda aka ɗebo ruwan, da yadda aka ɗebo shi, da abin da ya same shi kafin ya isa ɗakin gwaji.

Malaman fiƙihu sun koya mana tun muna yara cewa ana duba ruwa ta fuska uku, watau launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan ma'auni ya wadatar a babin tsarki, wanda dominsa aka ajiye shi, kuma da shi ne dai uwargida take auna ruwan da aka kawo mata daga rijiya. Amma gubar da muke magana a kanta ba ta waɗannan ƙofofi uku take shigowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha; haka ma asenik; haka ma benzin, wani sinadari da ke cikin fetur wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Don a gane ƙanƙantar wannan adadi, sai a ɗauki giram ɗaya tak, wanda bai kai nauyin ƙwayar sukari ba, a narkar da shi a cikin ruwan manyan tankokin dakon mai guda uku masu cin lita 33,000 kowacce. To, an kai iyakar ke nan. Babu ido ko harshe ko hancin da zai gane wannan. Tun da kuwa abin da ake nema ƙanƙani ne haka, to guga mai tsatsa ko igiyar da ta taɓa mai tana iya ƙirƙiro gubar da babu ita, haka kuma zuba ruwa da ganganci yana iya ɓatar da wadda take akwai.

Mutane da yawa suna ɗauka akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa wanda mai ginan rijiya yake hudawa. Ba haka abin yake ba, sai fa a wurare ƙalilan. Ruwan yana zaune ne a cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa, da kuma cikin tsagar duwatsu, kamar yadda yake zama a cikin soso. Hausawa kan ce an daɗe ana ruwa ƙasa tana shanyewa. Abin da ƙasa ta shanye ɗin shi muke jawowa da guga, tare da duk abin da ya kwaso a kan hanyarsa ta sauka. Ruwan nan kuwa tafiya yake yi, daga inda ya yi tozo zuwa inda ya yi kwari. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Henry Darcy, wanda ya yi aikin ruwan birnin Dijon, shi ya nuna a 1856 cewa saurin tafiyar ya dogara ne ga abu biyu: tsananin gangara, da kuma sauƙin da ƙasar take ba ruwa ya ratsa ta. A cikin rairayi, mita ɗaya a yini gudu ne sosai. A cikin yumɓu kuwa ruwa yana iya shekara bai ci mita ɗaya ba.

A lura da abin da wannan yake nufi. In ruwa yana tafiyar santimita 10 a yini, to rijiyar da ke nisan kimanin mita 360 daga tankin man da ke yoyo ba za ta ga komai ba sai bayan shekara 10, ko fiye da haka, domin yawancin guba tana maƙalewa a jikin ƙasa, ba ta kai ruwan sauri ba. Kafin lokacin watakila an sayar da gidan man, an yi wa jami'in da ya ba da izini canjin wurin aiki, fayil ɗin ma ya ɓata. Sa'an nan gubar ba ta bazuwa ko'ina daidai wa daida. Takan miƙe ne siririya ta bi inda ruwa ya nufa, kamar hayaƙin da iska ke kaɗawa gefe guda, har ta yiwu rijiyar wannan gida ta ɓaci, ta maƙwabcinsa kuwa tana nan lafiya lau.

Babban aikin irin wannan da aka taɓa yi a Nijeriya shi ne na ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, kuma ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. An daina haƙo mai a can tun 1993, amma bututai sun ci gaba da ratsa ƙasar, tsofaffin wuraren malalar mai kuma suna nan. Gwamnatin Tarayya ta gayyaci Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma'aikatanta suka yi wata 14 suna aiki, suka gwada samfur fiye da 4,000, suka fitar da rahotonsu a watan Agusta na 2011. Abin lura a gare mu shi ne ba su dogara ga rijiyoyin da suka tarar kaɗai ba. Sun haƙa rijiyoyin sa ido guda 142 takanas domin wannan bincike, sun kuma ciro ƙasa daga ramuka 780. A Nisisioken Ogale, cikin ƙaramar hukumar Eleme, sun sami tataccen mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda rijiyoyin mutane ke ɗiba, benzin ɗin da ke cikin ruwan shansu kuwa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A Ejama-Ebubu sun tarar da ƙasa sharkaf da mai shekara 40 bayan malalar, ko da yake an sha cewa an share wurin.

Amma a ganina darasin da ya fi waɗannan alƙaluma muhimmanci wani ne daban. Kafin wannan bincike, ana gudanar da aikin share malalar mai a yankin ne bisa zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashin ƙasa wadda take hana mai sauka, saboda haka ya isa a kafce saman ƙasa a bar rana da iska da ƙwayoyin halitta su cinye sauran. Ramukan da aka haƙa suka nuna cewa babu wata shimfiɗar yumɓu da ta game ƙasar Ogoni baki ɗaya. A wurare 49 an sami mai ya sauka aƙalla mita 5. Watau an yi shekaru ana sa hannu a takardun kammala aiki bisa wani zato da babu wanda ya haƙa rami ya gwada shi. Rahoton ya ƙiyasta cewa gyaran ƙasar zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

To, a ina ake kafa rijiyar sa ido? Aikin farko ba na injin haƙa ba ne, na ƙafa da baki ne. Sai an zagaya wurin, an duba tsofaffin taswirori da hotunan sama, an zauna da mai unguwa da dattawa da tsofaffin leburorin masana'antar, domin su ne suka san inda ake zubar da ruwan jima a da, da kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kansa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma sanin abin da aka yi a wuri shi ke nuna abin da za a nema a cikin ruwansa. Bayan majemu irin na Challawa da Sharada a Kano, kuromiyam za a fara nema, domin da shi ake jimar zamani. Kusa da gidan mai, benzin da danginsa. A unguwa mai cunkoso inda masai da rijiya suke gida ɗaya, naitiret da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida. Wanda ya kai kwalba ɗakin gwaji ya ce a duba masa ko ruwan yana da kyau, bai faɗi abin da yake zato ba, za a auna masa gishiri da tsami da gurɓin ido a ce masa lafiya, alhali ba a ko nemi abin da zai kashe shi ba.

Daga nan sai a nemi inda ruwan ya nufa. Ana bukatar rijiya uku aƙalla, waɗanda ba a kan layi ɗaya suke ba, kamar duwatsun murhu. Mai safiyo zai auna tsayin bakin kowacce daga ma'auni guda, a sa alama a bakin, sa'an nan a rana ɗaya a auna zurfin ruwa daga wannan alama. Inda fuskar ruwa ta fi tudu daga nan yake fitowa, inda ta fi ƙasa can ya nufa. Kada a yarda da gangarar da ido ke gani a sama, domin sau da yawa ta ƙasa takan saɓa mata, musamman in akwai babbar rijiyar burtsatse a kusa wadda ake ja dare da rana, kamar ta masu ruwan leda. Irin wannan takan janyo ruwan unguwa duka ya karkata wajenta, har da dattinsa. Dokar Amurka game da wuraren ajiye shara mai guba ta tanadi aƙalla rijiya ɗaya a sama da wurin, uku a ƙasa da shi, kuma wannan ƙa'ida ce mai ma'ana ko'ina.

Rijiyar saman nan ita ake yawan tsallakewa don rage kuɗi, ita ce kuwa ginshiƙin shari'ar. Ita ke faɗin yadda ruwan yake kafin ya ratsa wurin da ake tuhuma. In babu ita, mai masana'anta zai ce haka Allah ya yi ruwan wurin, kuma babu mai iya ƙaryata shi. Wani lokaci ma gaskiya ya faɗa. A Tibiri ta kusa da Maraɗi, ruwan burtsatsen da aka fara sha a shekarun 1980 ya rina haƙoran yara ya lanƙwasa ƙasusuwansu, aka yi shekaru kafin a gane cewa sinadarin fulorayid ne, daga cikin ƙasar kanta. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo tun daga shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo amai da gudawa, sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawansu suna ɗauke da asenik na asali, har aka koma shafa wa famfuna fenti, ja ga mai guba, kore ga mai lafiya. Babu masana'antar da za a kama a waɗannan wurare biyu.

Ƙasarmu ma ba iri ɗaya ba ce. Birnin Kano da Zariya da Kaduna suna zaune ne a kan tsohon dutse, ruwansu yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma tsagoginsa, tsaga kuwa ba ta bin lissafi. Tana iya kai guba nesa cikin ɗan lokaci ta bar rijiyar da ke kusa ba ta taɓa ba, don haka a irin wannan ƙasa rijiya huɗu ba lalle ta isa ba. A Maiduguri da sauran ƙasar Chadi ruwan hawa-hawa ne, rairayi a kan yumɓu a kan rairayi, kuma a nan haɗarin wani iri ne: mai haƙan da bai san aikinsa ba yana iya huda yumɓun da ke kare ruwan ƙasa, ya buɗe wa dattin sama hanya. Rijiyar da aka haƙa don neman guba sai ta zama ita ce magudanarta.

Ita rijiyar sa ido ba ta shan ruwa ba ce. Bututun roba ne siriri, yawanci faɗin santimita 5, wanda aka tsattsaga wani sashe nasa don ruwa ya shiga ta nan kaɗai. Ana zuba wankakken rairayi kewaye da tsagogin, a bisansa a danƙara wani yumɓu mai kumbura da ake kira bentonait, sa'an nan siminti har sama, a yi daɓe, a sa murfi da kwaɗo. Ba a haɗa bututun da gam, domin gam ɗin kansa yana sakin sinadari cikin ruwa. Masu zare ake ɗaurawa. Wurin da za a sa tsagogin ya danganta ga abin da ake nema. Fetur da kananzir da man gas ba su kai ruwa nauyi ba, a sama suke yawo, saboda haka dole tsagogin su ratsa fuskar ruwa, da ɗan rara sama da ƙasa don hawan damina da saukar rani. In aka nutsar da su duka, man zai zauna a bisansu ba za a taɓa ganinsa ba. Magungunan wanke ƙarfe da na wankin tufafi ba da ruwa ba kuwa sun fi ruwa nauyi, nutsewa suke yi har su sami yumɓu ko dutse su kwanta, sai an bi su can.

Ranar ɗiban samfur, abu na farko shi ne auna zurfin ruwa tun ba a taɓa shi ba. Na biyu shi ne zubar da ruwan da ya kwana a cikin bututu. Ruwan da ya yi wata uku yana tsaye ya sha iska, abin da ke tashi cikinsa ya tashi, ƙarfen da ke narke ya koma tsatsa ya kwanta. Ba shi ne shaidan da ake nema ba. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a janye ninki uku zuwa biyar na abin da bututun ya ƙunsa. Lissafin ba wuya: bututu mai faɗin santimita 5 yana cin kusan lita 2 a kowace mita, don haka in tsayin ruwan mita 10 ne, lita 20 ke nan, ninki uku kuwa lita 60, jarka uku. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fi karkata ga wata hanya, watau a sa ƙaramin famfo daidai tsagogin a riƙa ja sannu sannu, kada ya wuce rabin lita a minti, ana auna tsamin ruwan da gishirinsa da iskar da ke cikinsa da gurɓinsa, har sai alƙaluman sun daina motsi. Sa'ad da suka tsaya, an san ruwan ƙasa ne ke shigowa. Wannan hanya ta fi, domin ba ta tayar da laka, kuma ruwan da za a zubar kaɗan ne. Ruwan da aka janye ɗin ma ba a sheƙar da shi a ƙasa, a durom ake tara shi sai an ga sakamako.

Rijiyar gida mai buɗaɗɗen baki wani al'amari ne daban, kuma a nan ake yawan rikicewa. Rijiya mai faɗin mita 1.2 da ruwa mita 3 tana ɗauke da kusan lita 3,400. Babu mai janye ninki ukun wannan da guga, babu kuma maigidan da zai yarda a bakin rani. Ban da haka, ƙura tana faɗawa, guga tana kwana a ƙasa, ruwan wanki yana komawa ta gefen baki. Saboda haka samfurin irin wannan rijiya ba ya faɗin halin ruwan ƙarƙashin ƙasa sosai. Amma yana amsa wata tambaya wadda ta fi gaggawa, watau me mutanen gidan nan suke sha? Don amsa wannan, da gugar gidan za a ɗiba, yadda suke ɗiba, har ma a ɗauki na randa. Tambayoyi biyu ne, kowacce da hanyarta, kuma wajibi ne a rubuta a jikin takarda wadda aka yi niyyar amsawa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa gargaɗi: yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, amma babbar hanyar gubar ita ce ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Da wani ya haƙa rijiyar sa ido mai kyau ya gwada ruwan ƙasa kaɗai, da yana iya komawa da takarda mai tsabta daga garin da ake binne yara kullum.

Kowane abin da ake nema da irin kwalbarsa. Benzin da danginsa masu tashi ne, don haka ƙaramar kwalbar gilashi mai cin mililita 40 ake cikawa a hankali har ruwa ya yi tozo, a rufe, a kifa ta a ƙwanƙwasa. In an ga kumfar iska ko da ƙanƙanuwa ce, sai a sake wata, domin cikin wannan kumfa sinadarin zai gudu. Na ƙarafa kamar dalma a robar da aka wanke da asid ake zubawa, a ɗiga asid don kada ƙarfen ya manne a jikin robar, kuma a bayyana ko an tace ruwan ko ba a tace ba, domin tatacce yana nuna abin da ke narke yana tafiya cikin ƙasa, wanda ba a tace ba kuwa yana nuna abin da ke shiga ciki in an sha. Na ƙwayoyin cuta sai kwalbar da aka dafa, kuma a kai shi cikin awa 6, in ya yi tsanani kada ya wuce 24. Naitiret kwana 2. Nau'in kuromiyam mafi dafi kwana ɗaya, sai fa in an sa masa maganin da ke tsare shi. Dukkansu a cikin akwatin ƙanƙara za su yi tafiya, sanyin kimanin digiri 4. Wanda ya san zafin watan Afrilu a bayan a-kori-kura tsakanin ƙauye da babban birnin jiha, ya san cewa wannan sharaɗi na ƙanƙara shi ne mafi wuyar cikawa a cikinsu duka, kuma shi ne ba a cika tambaya ba.

Ta yaya za a san ba a yi kuskure a hanya ba? Ana tafiya da shaidun gwaji. Akan cika wata kwalba da tsarkakakken ruwa tun daga ɗakin gwaji, ta je ta dawo ba a buɗe ta ba. In aka sami benzin a cikinta, to daga jarkar fetur ɗin da direba ya ajiye kusa da akwatin ya fito, ba daga rijiya ba. Akan zuba tsarkakakken ruwa ta cikin famfon bayan an wanke shi, don a ga ko yana kwasar dattin wannan rijiya ya kai waccan. Saboda wannan ne ma ake farawa da rijiyar da aka fi zaton tsabtarta a ƙare da mafi ƙazanta. Akan kuma cika kwalba biyu daga rijiya ɗaya, a ba su lamba daban-daban ba tare da sanin masu gwaji ba. In sakamakonsu ya yi hannun riga, an san darajar sauran. Sa'an nan akwai takardar miƙa hannu, wadda duk wanda akwatin ya bi ta hannunsa zai sa suna da rana da lokaci. Ɗalibai sukan ɗauki wannan aikin akawu ne kawai, amma lauyan kamfani ba zai yi gardama da ilmin sinadarai ba. Zai tambaya ne ina akwatin ya kwana ranar Talata, in babu amsa shari'a ta rushe.

Ga ma'aikacin da takardar sakamako za ta sauka a teburinsa, akwai kalma guda da nake roƙon ya yi hattara da ita, ita ce "ba a gano ba". Wannan ba ta nufin babu. Kowace na'ura tana da iyakar abin da take iya gani. In na'urar ba ta ganin dalma sai ta kai miligiram 0.05, alhali iyakar ruwan sha 0.01 ce, to ruwan da ya ninka iyaka sau huɗu zai fito da "ba a gano ba". Sai a nemi a rubuta iyakar ganin na'urar kusa da kowane sakamako, a kwatanta ta da ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sake duba shi a 2015. A kuma duba ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin miligiram ɗaya maikirogiram 1,000 ne, kuma an sha ganin rahoton da ya gauraya su.

Gwaji sau ɗaya kuwa ba sa ido ba ne. A ƙasar da ruwan sama yake zuba cikin wata huɗu ko biyar ya ɗauke, fuskar ruwan ƙasa takan hau ta sauka mita da yawa a shekara. Ruwan farkon damina yakan wanko abin da ya taru a ƙasa duk rani ya kai shi ƙasa. Hawan ruwa a watan Agusta da Satumba yakan kai shi ga gindin masai da ga man da ya maƙale a sama. A ƙarshen rani kuwa ruwa ya ragu, abin da ke narke cikinsa ya yi kauri. Samfurin watan Maris da na watan Satumba daga rijiya ɗaya suna iya zama kamar na garuruwa biyu. Abin da aka saba shi ne a ɗiba sau huɗu a shekara, a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, aƙalla shekara biyu kafin a ce ga inda abin ya dosa, ko yana ƙaruwa, ko yana raguwa, ko yana matsowa wajen rijiyoyin gari. A nan ne tsarin kasafin kuɗinmu yake cin amanar aikin. Haƙa rijiya babban aiki ne, yana da kwangila da ranar buɗewa. Ƙanƙara da man mota da kuɗin gwaji na wata uku-uku kuwa kuɗin yau da kullum ne, su ake fara yankewa. Hukumomi ba su yi mana ƙaranci ba: tun bayan sharar gubar da aka jibge a Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 2006 aka kafa NOSDRA domin malalar mai, a 2007 aka kafa NESREA. Shawarata ga duk mai tsara irin wannan aiki ita ce ya sa kuɗin ɗiban samfur na shekara biyu a cikin takardar da ta ƙunshi kuɗin haƙa, in kuma kuɗin ba zai isa ba, gara rijiya biyar da ake ziyarta da ashirin da aka kulle aka manta.

Saura haƙƙin masu rijiya. Wanda aka shiga gidansa aka ɗebi ruwansa yana da haƙƙin a komo a gaya masa abin da aka samu, da harshen da yake ji, ko da sakamakon lafiya ne. In kuwa aka sami abin da ya wuce iyaka nesa, ba a jiran cikar shekara biyu ko fitar rahoto. Masu binciken Ogoni ba su jira ba. Sun sanar da hukuma batun Ogale tun kafin a buga rahoton, suka nemi a sa alama a kan rijiyoyin a kuma kai wa mutane ruwan sha. Haka ya kamata, sai dai a tuna cewa hana mutum rijiyarsa ba tare da an ba shi wata ba umarni ne da ba zai bi ba, zai koma mata da dare. In kuma aiki ya ƙare, rijiyar sa ido ba a barinta a buɗe yara su cika ta da tsakuwa ko wani ya mai da ita masai. Ana cike ta da bentonait da siminti tun daga gindi har baki, a rubuta inda take da ranar da aka toshe ta a cikin fayil ɗin wurin.